Ranar da na cire bututun Baikal ɗin Kawu

Bindigar Kawu ce, Baikal mai baki ɗaya ƙirar Izhevsk ta Rasha, irin wadda ake cewa IZH-18, mai cin harsashi lamba 12, da lasisinta yake harbin zabi da fakara. Damina ta wuce tana jingine a zaure cikin buhu, da muka ɗauko ta tsatsa ta cinye cikin bututun, sai ya ce in zauna ya nuna min yadda ake raba ta.

Kafin in taɓa komai sai da ya sa na karya ta, wato na buɗe ta, na leƙa da idona cewa babu harsashi, duk da shi da kansa ya ajiye ta babu komai. Cirewar ba wuya wallahi, akwai ɗan maɓalli a ƙarƙashin katakon gaba, ka ja shi katakon ya fita, sai ka danna marikin nan da ke bayan kunama, bututun ya sunkuya ya zame daga kan ƙusar da yake juyawa a kai. Na sa kananzir da tsumma a jikin sanda na yi ta zurawa har tsumman ya daina fitowa ja, amma da na ɗaga shi wajen haske sai ga ƙananan ramuka kusa da inda harsashi yake zama.

To a nan ne na ce me zai hana a sa wani bututun, tunda abokin farautarsa yana da irinta sak kuma ƙotarta ta karye. Muka aro bututun, na maƙala shi, ya rufe har da ƙas, raina ya yi fari. Kawu ya karɓa bai mayar da katakon gaba ba, ya riƙe ta ya girgiza, sai na ji tana motsi kaɗan kaɗan, ya ɗaga ta wajen rana ga haske siriri yana ratsawa tsakanin bututun da jikin bindigar. Ya ce "ɗana, wannan giɓin fuskarka yake kallo, in harsashi ya fashe ta baya nan zai fito."

Sai ya nuna min lambar da aka buga a jikin bindigar da wadda ke jikin bututunta na asali, iri ɗaya ne, tun a masana'anta ake goge kowane bututu ya zauna daidai da tasa bindigar. Ni da na ɗauka tunda kamfani ɗaya ne ai shi ke nan.

Muka mayar wa mutumin da kayansa ranar. Namu na shafa masa man keken ɗinki, na saƙala shi a kan ƙusar ina riƙe da marikin, na rufe, sannan katako ya hau, babu motsi ko kaɗan. Maganar ramukan nan kuwa Kawu ya ce ba za a harba ta ba sai mai gyaran bindiga mai izini ya duba, kuma har yau ba a harba ba.