Yadda ake saka sabon Python a Ubuntu ba tare da an taɓa na gida ba

Ubuntu 22.04 da Python 3.10 take zuwa, 24.04 da 3.12, Debian 12 kuma da 3.11. A haka za su zauna, in ban da gyaran tsaro. Idan aikinka na buƙatar 3.13, wanda ya fito a watan Oktoban 2024, kai za ka kawo shi, amma ka ajiye shi a gefen na gida.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne karkatar da /usr/bin/python3 zuwa sabon. Wancan Python ɗin na tsarin ne, kayan apt, manhajar da ke saka kunshi a Ubuntu, da shi suke aiki. Da ka sauya shi, add-apt-repository zai fara kukan "No module named apt_pkg", domin apt_pkg ɗin don tsohon aka harhaɗa shi. Wani lokaci ma tagar Terminal ta ƙi buɗewa sam.

Hanya ɗaya ita ce ka harhaɗa shi daga tushe, wato ka gina shi da kanka daga lambarsa ta asali. Kafin nan, fara da wannan:

sudo apt install build-essential libssl-dev zlib1g-dev libffi-dev libsqlite3-dev libbz2-dev libreadline-dev liblzma-dev

Kada ka tsallake ko ɗaya. In babu libssl-dev, aikin ba zai tsaya ba, zai kammala lafiya lau, sai dai Python ɗin ya fito babu ssl, sashen da ke tsare haɗin intanet, pip kuma, mai saka kunshin Python, ya kasa sauko da komai daga PyPI, rumbun kunshin Python. Babu magani sai sake harhaɗawa. Shi ya sa nake ba da shawarar karanta layukan ƙarshe na make, nan yake lissafa sassan da bai samu ginawa ba.

Sauko da kunshin tushen 3.13 daga python.org, ka warware shi, ka shiga ciki:

./configure --enable-optimizations
make -j$(nproc)
sudo make altinstall

Kula da kalmar altinstall. Shi make install yana ajiye python3 a /usr/local/bin, wanda ke gaban /usr/bin a PATH, jerin wuraren da tsarin ke neman umarni, don haka duk rubutun da ya fara da "#!/usr/bin/env python3" sabon zai ɗauka ba da saninka ba. Shi kuwa altinstall python3.13 kaɗai yake ajiyewa.

Mai gaggawa a Ubuntu zai iya bi ta ppa:deadsnakes/ppa, wani rumbun kunshi na waje da ake ƙara wa apt, ya saka python3.13 tare da python3.13-venv, don kunshinsu daban-daban ne. Na Ubuntu ne kawai, kada a cusa wa Debian.

Daga nan kowane aiki da ɗakinsa, wato venv, keɓaɓɓen wuri da ke riƙe kunshin aikin shi kaɗai: python3.13 -m venv .venv, sannan source .venv/bin/activate. Idan pip na tsarin ya ce maka "externally-managed-environment", nufinsa ka yi amfani da venv. Akwai --break-system-packages, amma sunan ma ya isa gargaɗi.

Abin da ka harhaɗa da hannunka, apt bai san da zamansa ba. Duk ranar da aka fitar da gyaran tsaro na 3.13, kai za ka sauko da shi ka sake make altinstall.