Sakamako na mai shi ne

A ɗakin gwajin jini nake aiki, wanda kowa ke kira lab. Tun da gwamnan Kano ya sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, samari da 'yan matan da aka sa wa rana suka ƙara yawa a ƙofarmu. Ana duba jininsu ko AA ne ko AS (wato mai ɗauke da gadon sikila), ana duba ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau. Doka ce da nake goyon baya, domin duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai sikila ya san amfaninta. Sai dai ta sa asirin gidaje da yawa a hannunmu.

A makaranta an koya mana cewa ba a faɗin sakamakon kowa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana fitar da bayanin mara lafiya sai da wasu sharuɗɗa, kamar yardarsa a rubuce ko umarnin kotu. Wannan mai sauƙi ne. Abin da sai a bakin aiki na gane shi ne, asiri yakan tonu alhali ba wanda ya buɗe baki.

Masu jira a kan benci idonsu na kanki. In kika miƙa wa wannan takardarsa a tsaye, da fara'a, kika ce Allah ya sanya alheri, sannan kika kira na bayansa ciki kika turo ƙofa, ai kin gama faɗa wa kowa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wata babbar ma'aikaciya ce ta ɗora ni a hanya: kowa sai ya shiga ciki, kowa a rufe masa ƙofa, kowa a ba shi takardarsa cikin ambulan, kuma mai lafiya ma a ɗan zaunar da shi a yi masa bayani, don kada daɗewa a ciki ta zama alama.

Wanda ya fi wuya shi ne manya. Dattijo zai zo da babbar riga ya ce, "'Yata, ni ne waliyyinta. Ba sai kin ba ni takarda ba, ki dai ce min lafiya ko ba lafiya." Sai na rusuna na ce, "Baba, ka yi haƙuri, sakamako na mai shi ne. Ta zo da kanta, in ta yarda ku shigo tare." Wani ya fahimta, wani ya fita yana cewa yaran yanzu ba su da kunya. Yana yi min zafi, don an tarbiyyantar da mu a kan ba a mayar da babba hannu rabbana. Amma ko sakamakon ƙalau yake, ba na faɗa. In na saba cewa "lafiya lau" ga masu lafiya, ranar da na yi shiru, shiruna ya zama amsa.

Haka a waya. Ba na tura hoton sakamako ta WhatsApp, domin wayar da ke hannun yarinya yau, gobe tana hannun yayanta. Haka a gidan biki, in an fasa wani aure mata suka juyo suna kallona wai ai ni na san dalili. Nakan tuna Huzaifa ɗan Yaman, wanda Annabi (SAW) ya sanar da shi sunayen munafukai. Sayyidina Umar da kansa ya tambaye shi ko shi Umar yana cikinsu. Ya ce masa ba ya ciki, bai kuma fallasa sauran ba.

Rufin asiri ba ya nufin a taya wani yaudarar wadda zai aura. Wanda ya roƙi a sauya masa sakamako, ba na yi, ko nawa zai bayar. Muna haɗa shi da mai ba da shawara, a ƙarfafa masa gwiwa ya faɗa da bakinsa. Maganin ƙanjamau na yanzu, in an riƙe shi yadda ya kamata, yana danne ƙwayar cutar har mutum ya yi aure ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Amma sai in yana dawowa karɓar maganin. Na ga waɗanda ke barin asibitin unguwarsu su biya kuɗin mota zuwa wani gari karɓar magani, don kawai akwai wanda ya san su a ciki. Watan da kuɗin motar ya gagara, maganin ya yanke.