Tocila biyu, ɗaya za ta tafi wurin Inna

Sati uku tocila biyu suna ajiye a kan akwatina ina ta juya su. Inna ce ta aiko ɗan ƙanwata daga ƙauyenmu, can gefen Keita, wai tata ta mutu, in ina da wadda ba na aiki da ita in ba ta. Biyu gare ni, duk masu ƙarfi, kuma duk ina aiki da su. Amma saƙon uwa ba ya komawa hannu banza.

Sana'ata albasa ce. A Tawa nake zaune, amma daga watan Maris har ruwa ya sauka ina kan hanya tsakanin Tsarnawa, Galmi da Madawa. Rabin aikin da dare ake yinsa, don zafin Afrilu ba ya barin ƴan dako su ɗauki buhu da tsakar rana. Da tocila nake ƙirga buhunan da ke hawa kamiyo, da ita nake leƙa cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Albasar da ta fara ruɓewa daga wuya take farawa, wurin ya yi laushi ya ɗan yi duhu, kuma a ƙaramin haske ba ka ganinta sai ta ɓata na kusa da ita. Buhun da ya isa Kumasi ko Abijan da ruɓa a ciki, sunanka ne ya isa can da ruɓa. Shi ya sa fitilar salula ba ta isata.

Tsohuwar ta ƙarfe ce, doguwa, tana cin manyan duwatsu uku, irin waɗanda aka rubuta wa R20, kowane volt 1.5. A babbar kasuwar Tawa na saye ta shekara shida da suka wuce. Sau biyu tana faɗowa daga saman kamiyo, bakinta ya lotsa, amma ko gezau. Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne ba ta mutuwa farat ɗaya. In duwatsun sun fara gajiya sai hasken ya riƙa dusashewa a hankali, ka ga bangon rudu ya daina fitowa sosai, ka san gobe sai ka tsaya wurin mai tebur. Kuma mai tebur yana ko'ina. Ban taɓa shiga ƙauyen da ake sayar da sukari da shayi ba a sayar da dutsen tocila ba.

Cin kuɗinta ne matsalar. Dutse guda dala 30 nake saye, wato sefa 150, uku sun zama 450. Lokacin kakar albasa duk dare huɗu sai na sake su. A wata ya kama sefa 3,000 da ɗoriya, a wata uku kusan jaka goma, kuɗin da ya ninka na tocilar kanta. Bayan haka duwatsun masu araha suna yoyo. Wata damina na manta da su a ciki, da na buɗe sai na tarar da wani farin gari da tsatsa sun cinye waya mai lanƙwasa ta gindin. Da bakin wuƙa na kankare ta kafin ta yarda ta kama.

Sabuwar ƙanena ne da ke ci-rani a Abijan ya kawo mini. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba, amma in na kunna ta a bakin garka har ƙarshen fangalai nake gani. Dutsenta guda ne, na caji, ana ce masa 18650 saboda girmansa: kauri milimita 18, tsawo 65. Na yi ta murna da ita har wani dare a Tsarnawa. Muna tsakiyar lodi, buhu ya kai ɗari da wani abu, na sunkuya ina haska wa wani yaro ƙarƙashin tarin buhuna don ya ce ya ga kunama, sai kawai duhu. Ba ta dusashe ba, ba ta yi ƙyaftawa ba, ta ɗauke ɗif. Yaron ya yi tsalle baya, ni kuma zuciyata ta yi ta bugawa, don hannunsa yana wurin. Allah ya kiyaye. Tsohuwar ce na lalubo a jakar moto muka ƙarasa.

Washegari na kai ta wurin wani saurayi mai gyaran salula kusa da tashar mota. Ya zare dutsen, ya karanta jikinsa, an rubuta mAh 9,900, wato yawan cajin da wai yake ɗauka. Ya ɗora shi a kan ɗan ma'auninsa, bai kai giram 30 ba. Ya ce, "Alhaji, tocilarka lafiyarta lau, dutsen ne na ƙarya. Na gaske yana kai giram 45 ko fiye, kuma mafi kyawunsu ma wajen 3,500 suke tsayawa. In ka ga an rubuta abin da ya haura haka da nisa, ajiye musu kayansu." Ya jawo wani tsohon batirin kwamfuta da ya fasa, ashe irin waɗannan duwatsun ne jere a ciki. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ware biyu masu rai ya sayar mini a jaka guda kowane. Ya gargaɗe ni kada in bar su gaban mota cikin rana, don zafi yana cinye kwanansu, kada kuma in zuba su aljihu tare da makulli da tsabar kuɗi, ƙarfe yana iya haɗa kai da gindi wuta ta tashi. Da hannunsa ya yanko guntun tiyo, ya zura na ajiyar a ciki ya toshe bakin da tsumma. Shekara guda ke nan, jaka biyun nan ne kaɗai abin da ta ci.

Sai dai dutsen caji yana son wurin caji. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ta Nijar a watan Agusta na 2023 bai manta ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta dawo ba sai watan Maris na 2024. Ko da tashar sola ta Malbaza da aka buɗe a 2018, kuran ya yi ƙaranci ƙwarai. Darasin lokacin ne ya sa na sayi ɗan farantin sola na kafa a kan rufin ɗaki, in ina kan hanya kuma direbobi ba sa hana ni saƙala waya a motarsu. Ni ina da waɗannan hanyoyin. Inna ba ta da ko ɗaya. Ƙauyenmu babu kuran, mai cajin salula guda ne, shi ma ba kullum yake zama ba.

Duk da haka da niyyar ba ta ƙaramar na tafi, don kada in ɗora mata sayen dutse. Bayan sallar isha'i na ajiye su biyun a kan tabarmarta. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Ga su nan, Inna, ki duba."

Ta ɗauki ƙaramar, ta yi ta laluben maɓallin da ke gindinta. Da ta danna, hasken ya bugi bango ya dawo mata ido, ta kawar da kai. Ta sake dannawa ya ragu, ta sake ya kama walƙiya. Ta ajiye. Ta ɗauki tsohuwar, babban yatsanta ya sami maɓallin tun kafin ta duba, ta tura shi gaba, ta haska randa, ta haska turken awaki, ta kashe.

"Ɗan nan, wannan ce na sani. In ta gaji tana faɗa mini."

A kan hanyar komawa na sake lissafin, na ga gaskiyarta. Ita alwalar asuba ce, da duba awaki, da dudduba shimfiɗar jikoki saboda kunama. Duka bai cika minti ashirin a dare ba, duwatsu uku za su kai ta wata da ɗoriya. Kuɗin da ke damuna kuɗin mai kwana yana lodi ne. Na bar mata duwatsu goma sha biyu, na kuma ja kunnen ɗan ƙanwata kada ya haɗa sabo da tsoho, kuma da ya ga hasken ya yi ƙasa sosai ya zare su kafin su yi yoyo.

Ƙaramar ce ta rage mini. Har yanzu ban daina tsoron ɗaukewar nan tata ba, don haka na bar jira sai ta mutu. Da ƙarfe goma sha biyun dare ya yi, ko tana haske kamar rana, nake tsayar da ƴan dako, in kwance gindinta in sa na cikin tiyo. Jiya na koma wurin saurayin nan na ce in ya sake fasa batirin kwamfuta ya ajiye mini na uku.