Darasin da ya ja min rasa shanun huɗa

Da aka rufe makarantu a ƙarshen Maris na 2020 saboda korona, ɗalibaina 'yan aji shida na sakandare suka rasa tudun dafawa. An ɗage WAEC, ba wanda ya san ranar da za a yi ta. Birnin Kano yana cikin kulle, ga mace-macen dattawa da aka yi ta yi a watan Afrilu, kullum sai ka ji wane ya rasu. Mu a ƙauye, arewa da birni, kullen bai matse mu sosai ba, amma tsoro ya shiga kowane gida. Bayan azumi iyaye suka roƙe ni in riƙa tara yaran a gindin darbejiyar ƙofar gidana bayan la'asar, kowa da buhunsa na zama, nesa-nesa, suna ɗan ba ni na sabulu.

Washegarin ƙaramar Sallah, 25 ga Mayu, ɗan sanda farar fata Derek Chauvin ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa fiye da minti 9 har ya mutu, a Minneyafolis ta Amurka, a kan zargin jabun dala 20. Kafin mako ya zagayo bidiyon ya iso shagon mai cajin waya, samari sun yi cincirindo suna tsine wa Turawa. Yaran suka zo min da tambayoyi. Gwamnati da Tarihi nake koyarwa, amma abin da na riƙe game da wariyar launin fata bai wuce Afirka ta Kudu da shekara 27 da Mandela ya yi a kurkuku ba. Sai na koma ɗalibi, da daddare ina karatu a waya har caji ya ƙare. Nan na san cewa sai a 1964, shekara huɗu bayan Najeriya ta samu 'yanci, Amurka ta yi dokar da ta haramta ware baƙar fata a gidajen abinci da otal. Na ba su labarin 'yan Afirka da aka kora daga gidajen haya a Guangzhou ta China a watan Afrilun shekarar, wai su ke yaɗa cuta, da mutum-mutumin Edward Colston, dillalin bayi, da masu zanga-zanga suka tumɓuke suka jefa a ruwa a Biristol ta Ingila ranar 7 ga Yuni.

A kan Colston ɗin nan abin ya faru. Wani yaro mai shiru-shiru, wanda sai ka kira sunansa yake magana, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mu fa? Bara an fasa auren Yayata bayan an kawo kuɗin gaisuwa, an ce kakan Babanmu bawa ne a gandu." Ƙanin wanda ya fasa auren yana zaune a wurin, taku uku tsakaninsu. Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Na ce wa yaron tambayarsa tana kan hanya, na kawo hadisin da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Manzon Allah (SAW) ya ce masa akwai jahiliyya a tare da shi. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ambaci gidan kowa ba.

Kafin isha'i magana ta gama gari: Malam ya tara yara yana tone asalin mutane. Da safe ɗan aiken dagaci ya zo. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, yaro ya yi tambaya, na amsa da hadisi." Ya ce ya ji, amma gari yana cikin zaman ɗar-ɗar, ba ya son a ƙara masa wata wutar, in tsaya a kan abin jarrabawa. Shi ban ji haushinsa ba, aikinsa ke nan. Waɗanda har yau nake jin zafinsu su ne mutanen da suka kai ƙarar, don da idona na gan su a shagon caji suna cewa Allah ya isa tsakaninsu da Chauvin. Laifi tudu ne.

Iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu. Kawuna, wanda gidan wanda ya fasa auren surukansa ne, ya aiko a gaya min bana shanunsa ba su da sarari. Shekara da shekaru shi ke yi min huɗa. Ruwa ya sauka, kowa ya riga ya kama layi wurin masu garma, sai da na jira, na kuma biya da tsada a shekarar da ba kuɗi a hannun kowa. Gerona ya yi latti, abin da na ɗaure bai kai mu bazara ba. Duk a kan hadisi ɗaya!

Amma ba wannan ne ya fi girgiza ni ba. Mahaifin yaron ne ya zo da kansa, ya tsaya a zaure, ya ƙi zama. Na ɗauka godiya ta kawo shi. Ya ce, "Malam, mun daɗe muna binne maganar nan. Ina da sauran 'yan mata biyu a gida. Yanzu wanda bai sani ba ma ya sani." Na ce, "Baba, ai ba ku aka kunyata ba." Ya ce, "Kai za ka aure su?" Ban samu amsa ba, ya juya ya tafi.

Kwanaki ban iya barcin kirki ba. Abin da ya riƙe ni shi ne karatun, sai dai na karkatar da shi gida. Na karanta yadda sarakunan Kano suke da gandaye irin na Fanisau da bayi ke nomawa, da murgu, inda bawa ke neman na kansa yana biyan ubangidansa, da fansa. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ka ga ba nisa. Akwai tsofaffin da suka taso a hannun waɗanda suka ga abin. Ba na cewa gorin asali da abin da ake yi wa baƙar fata a Amurka ɗaya ne. Can akwai doka da bindigar ɗan sanda a bayansa, namu a bakin tsofaffin mata yake fitowa ranar binciken aure. Sai dai yarinyar da aka mayar wa gidansu da magana ba ta da lokacin wannan bambancewar.

Malamin da zai taɓa wannan batu a ƙauye, ya fara zuwa wurin liman. Ni sai daga baya na je, ya saurare ni, wata Juma'a ya yi huɗuba a kan aya ta 13 ta Suratul Hujurati da huɗubar ban kwana, ba Balarabe da ya fi wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa. Ba wanda ya kai shi ƙara. Kuma in yaro ya kawo maganar gidansu a bainar jama'a, ka ce masa ya same ka bayan an tashi, don ba kai za ka kwana da abin ba, ubansa ne.

Na ci gaba da 'yan yaran da suka rage har aka yi WAEC a watan Agusta. Yayar yaron ta yi aure a Kurna, mijinta direba ne, bai tambayi kakan kowa ba. Ni da Kawu muna gaisawa a masallaci. Huɗa kuwa, mun haɗa kuɗi da wani malami mun sayi namu bijimai biyu, har muna yi wa wasu a biya mu.