Kujerar da ba kowa a kai

Jiya da daddare na sake kallon bidiyon bikin ba da kyautar zaman lafiya ta Nobel na 2023 a Oslo, wallahi barci ya ƙaurace min. 'Yan biyun wadda ta ci kyautar, Narges Mohammadi, masu shekara 17, su suka karanta jawabinta, ga kujerarta a tsakaninsu ba kowa. Ita a lokacin tana kurkukun Evin a Iran saboda fafutukar kare haƙƙin mata. Sai na tuno da Berta Cáceres, wadda aka bi har cikin gidanta a Honduras aka harbe a 2016 saboda ta hana gina madatsar ruwa a kogin mutanenta. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tun 1998 ta amince da sanarwar kare irin waɗannan mutane. Takarda dai tana nan. Ni fa fuskokin yaran nan sun ƙi barin idona.