Manhajar da ta ƙi aiki da tsakar dare

A shekarata ta farko a wurin aiki aka sa ni rubuta wata 'yar manhaja da harshen kwamfuta na Python, wadda za ta riƙa kwafe rumbun bayananmu kowane dare. Na gwada ta a baƙin allon da ake buga umarni ya fi sau goma, lafiya lau. Sai na damƙa ta ga cron, mai tayar da ayyuka a kan lokaci a Linux, na sa mata ƙarfe 2 na dare. Kwana uku a jere ba ta kwafi komai ba. Hankalina ya tashi sosai, don lissafin albashin mutane ne a ciki.

Wani babba a ofishinmu ya jawo kujera kusa da ni, ya dubi allon, ya ce, "Ƙanena, da daddare wa yake gaya mata kalmar sirrin?"

Nan na gane. Kalmar sirrin rumbun bayanan tana cikin .bashrc ɗina, fayil ɗin da ake karantawa duk lokacin da na buɗe baƙin allo, na fitar da ita da umarnin export, wanda ya sa ta cikin bayanan muhalli. Duk manhajar da na tayar da hannuna tana gadon waɗannan bayanan muhalli daga wadda ta haife ta. Shi kuwa cron bai san da .bashrc ba, ɗan abin da yake bayarwa kaɗan ne, PATH ɗinsa ma, wato jerin wuraren da ake neman manhajoji, yawanci /usr/bin da /bin kawai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne os.environ.get, wanda Python ke karanto bayanan muhalli da shi, ba ya kuka idan bai samu abu ba, None (wato babu komai) yake miƙowa shiru.

Na ce, "To Yaya, in rubuta kalmar a bayan sunan manhajar mana, ta karanta daga sys.argv, inda Python ke ajiye abin da aka rubuta a bayan sunan." Ya girgiza kai, ya buga ps aux, mai nuna ayyukan da ke gudana, sai ga umarnin kowa a jere a fili, har da abin da ke bayansa. Sunan fayil da kwanan wata su ake miƙawa ta nan, ban da sirri.

Daga baya na ƙara sanin cewa duk abin da ya shigo ta hanyoyin biyu rubutu ne zalla. Ko False ka rubuta, Python gaskiya yake ɗaukarsa tunda ba fanko ba ne.

Yanzu layukan farko na kowace manhajata bincike ne: idan wani bayani ya ɓace, ta faɗi sunansa ta tsaya. Kafin in ba cron, sai na tayar da ita da env -i, muhalli wayam, in ga me za ta ce.