Inda na kai da 'yar CNC ɗina, babu limit suwic amma tana gane gida

Salam 'yan uwa masu koyo. Har yanzu dai 3018 ɗin nan, wato 'yar CNC ɗina (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa), ba ta da limit suwic, makunnin da ke gaya wa inji ya kai ƙarshen layi, $22 (saitin homin, wato injin ya nemo gidansa da kansa) na nan a 0, in ka tura mata $H, umarnin homin, sai dai GRBL, manhajar da ke tuƙa injin, ta watso maka kuskure, $20 ma, saitin da ke hana injin wuce iyakar tafiyarsa, ba za ta kunnu ba tunda sai da homin take aiki. Abin da na fahimta yanzu shi ne, duk inda injin ya farka nan yake ɗauka a matsayin sifili, wato gidan yana hannunka kai mai kashewa.

To sai na zaɓi kusurwa ɗaya, Z a can sama, na sa alama da maka a jikin firem. Kafin in kashe wuta ina mayar da injin wannan kusurwar: ina tura G53 G0 Z0 tukuna (G53 na nufin a auna daga sifilin injin), sannan G53 G0 X0 Y0, kar ku haɗa su layi ɗaya fa don bit, bakin da ke yankan, zai iya kwasar kilam ɗin da ke riƙe aikin a hanya. Sifilin aiki kuwa, wato inda ake auna yankan daga shi, da G10 L20 P1 nake sa shi, yana zama a EEPROM, ma'ajiyar da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta, G92 kam, ɗayar hanyar sa sifilin aiki, na daina amfani da ita tunda riset ɗaya ta tafi.

Amma fa ba daidai cif ba ne. Motar na da taku 200 a zagaye guda, sukurun T8 ɗina na tafiya 8mm a zagayen, kenan taku ɗaya 0.04mm, kuma da wuta ta ɗauke motar kan ɗan zame ta faɗa cikakken taku, in wutar ta dawo direba, ɗan allon da ke juya motar, ya sake fizgarta. A katako wlh ba ka ma gani, PCB (allon da'irar lantarki) ne zai tona maka asiri. Wani abin kuma, sake haɗa USB yana riset ɗin Arduino, allon da GRBL ke ciki, in a tsakiyar tebur kake to nan ne sabon gida.

Shi ya sa na huda ƙaramin rami a allon ƙasa na rubuta lambobinsa, in taku ya ɓace sai in sauko da bit a hankali har ya shige ramin ba tare da gogar gefe ba, in gyara daga nan. Tura injin ya daki ƙarshen layi yana gurnani kam ban so, kofilin mai haɗa mota da sukuru ke shan wahala. $1=255 na riƙe motocin lokacin canza bit, sai dai suna ɗumi. Gaba zan gwada direban TMC2209 in ga ko StallGuard ɗinsa, mai gane lokacin da mota ta cije, zai iya jin tsayawar a ƙarshen layi a wannan sukurun.